Mun ɗauka basir ne: waɗanda aka leƙa musu hanji, ku ba mu labari

Maman Biyu, Jekadafari: Salama alaikum. Mahaifinmu ya shafe wata takwas yana ganin jini a bayan gida, yana ta shan maganin basir na jarka, irin wanda ake tallarsa da lasifika a tasha. Sai da wandonsa ya fara zamewa muka kai shi asibiti. Likita ya ce za a zura bututu mai kyamara ta dubura a duba babban hanji, kuma ya yi mana maganar binciken sababbin magunguna. Baba ya ce shi a bar shi da mutuncinsa. Wa ya taɓa yi?

Ɗan Bajoga: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni aka yi wa bara. Wallahi aikin bai kai jajibirinsa wahala ba. Ruwan wankin ciki aka ba ni, mai ɗan gishiri-gishiri, na kwana da buta a hannu har abin da ke fita ya koma kamar ruwan shayi. Da safe aka yi min allura, na ji kamar gyangyaɗi, cikin minti 30 an gama. Sun tarar da wani tsiro kamar ƙwayar wake, suka cire shi nan take. Likitan ya ce irinsa ne ke rikiɗewa ya zama daji idan ya shekara da shekaru. Ki ce wa Baba ana rufe mutum da zane, kuma yana iya neman namiji ya yi masa.

Inna Kumo: Mu mun makara. Maigidana sai da aka yanke hanjin aka maƙala masa jakar tara bayan gida a jikin cikinsa. Ba ciwon ya fi damunsa ba, sallar jam'i ce. Ya daina zuwa masallaci don tsoron wari, sai da liman ya zo har gida ya ce hukuncinsa na mai lalura ne, kamar mai yoyon fitsari. Jakunkunan kuwa tsada, wani lokaci sai mun aika Kano.

Malamin Pantami: Maganar bincike ce ta tsaya min. Ba mu manta da Trovan ba, maganin da aka gwada kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe: Malam, tsoronka na da tushe. Amma a ƙa'ida yanzu sai an karanta maka takardar amincewa da harshen da kake ji, kuma kana iya janyewa ba tare da an daina duba ka ba. A 2022 an gwada maganin dostarlimab a New York kan mutum 12 masu dajin dubura, duk ciwon ya ɓace ba tiyata. Sai dai nasu wani nau'in daji ne na musamman, sai an gwada tsokar a gani. A Amurka tun 2021 daga shekara 45 ake fara tantance dajin hanji. Hajiya, ku 'ya'yansa ma ku tambayi likita yaushe za a duba ku.

Maman Biyu: Na karanta wa Baba amsar Ɗan Bajoga, ya yi dariyar butar. Ya yarda, ran Talata ne. Ruwan wankin cikin, mai ciwon suga zai iya sha?

Ma'aikaciyar jinya, Gombe: Ku faɗa wa likitan tun yau, don akan daidaita masa maganin sugan kafin ranar.