Wata takwas da daina allurar tazara, har yanzu shiru

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 29, yarana biyu, na biyun da tiyata aka ciro shi. Likita ya ce in huta shekara biyu, sai na fara allurar wata uku, Depo. Yau wata takwas ke nan da allurata ta ƙarshe. Al'ada sau biyu kawai na gani, ita ma ɗis-ɗis. Hajiyar maigidana ta ce allurar ce ta ƙone min mahaifa, wata ƙawata kuma ta ce in fara tara kuɗin IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa. Wallahi ko barci ba na iya yi. Akwai wadda ta taɓa shiga irin wannan halin?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, shekarata 14 a ɗakin awo, kusan kullum sai na ji wannan kukan. Allurar ba ta ƙone mahaifa. Aikinta hana ƙwai fita, kuma maganin yana jinkirin barin jiki. Mata da yawa sai kusan wata 10 daga allurar ƙarshe suke ɗaukar ciki, wasu su haura shekara. Ashana ta hannu, Implanon ta shekara 3 ko Jadelle ta shekara 5, da robar mahaifa ba haka suke ba, ana cirewa ciki na iya shiga a watan. Abin da ke ɓata min rai shi ne a yi wa mace allura ba a gaya mata wannan jinkirin tun farko ba. Ki fara shan ƙwayar bitamin ta Folic acid yanzu, ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo. Kada ki sayi Clomid, maganin sa ƙwai fita, a kemis da kanki.

Ummu Tagwaye:
Yar uwa, ni na yi IVF a Abuja bayan shekara 9 ba haihuwa, amma matsalata daban ce. Hoton HSG ya nuna bututun mahaifata duka biyun a toshe. Kusan kwana 12 ina shan allurai a ciki, aka ɗebi ƙwai, aka haɗa da maniyyin maigida a ɗakin gwaji, sannan aka mayar mahaifa. Karon farko bai kama ba, na yi kuka kamar raina zai fita. A na biyu Allah ya ba mu tagwaye. Sai da muka sayar da fili. Mun tambayi malamai kafin mu fara, suka ce ya halatta muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, kuma auren yana nan. Ke da kika haifi biyu, ban ga abin da zai kai ki can yanzu ba.

Abu Sadik:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Idan har ta kai ga gwaji, maigida ma ya je a duba maniyyinsa. Shekara huɗu ana ɗura wa matata jiƙe-jiƙe, ashe daga wajena ne.

Maman Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri. Anti Nas, in al'adar ba ta daidaita ba, yaushe zan koma asibiti?

Anti Nas:
In allurar ta cika shekara al'adar ba ta daidaita ba, ki je ki ga likitan mata. Ki tafi da katin allurarki da takardar tiyatar, maigidan ma ya raka ki.