Tumatirina ya ƙone a baranda, me zan shuka da zai rayu?

Maman Nafisa, Banifandu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san shuka.

Ni ƴar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai shekara huɗu ke nan. A gidanmu na can akwai fili, da damina mahaifiyata ba ta sayen yakuwa ko zogala, bayan ɗaki take zagayawa ta tsinko ta zuba a tukunya. Nan kuwa haya muke a saman bene, ko taku ɗaya na ƙasa ba mu da shi. Abin da nake da shi baranda ce, tsawonta kamar mita 3, faɗinta mita 1 da ɗan wani abu. Yamma take kallo, daga azahar har la'asar sakaliya rana na cikinta.

A farkon watan Maris na je kasuwar Katako na sayo tukwanen roba baƙaƙe guda huɗu, ƙanana, na ɗebo ƙasa a inda ake gini kusa da mu, na matse tumatir ɗaya da ya nuna sosai na shuka ƴaƴansa. Ya tsiro, har ya kai gwiwata. Cikin Afrilu ya yi fure, Nafisa kullum da safe sai ta je ta ƙirga. Furen nan duk ya zube, ko ɗa ɗaya bai kama ba, daga baya ganyen ya nannaɗe ya yi rawaya. Na'ana'ar da na dasa a tukunya ta huɗu kuma, mun yi tafiyar kwana uku gaisuwar rasuwa, muka dawo ta bushe ƙarau. Abin ya yi mini ciwo, don yarinyar nan ta sa rai.

Ga damina na ƙaratowa, ina so in sake gwadawa. Me ya fi sauƙi ga wadda ba ta iya ba? Kuma a sani cewa da bazara pamponmu sai tsakar dare yake kawo ruwa, ba ni da ruwan da zan yi almubazzaranci da shi.

Ɗan Galmi

Wa alaikumus salam. Sannu ɗiyata, Allah ya ji ƙan wanda ya rasu.

Ni a garkar albasa na tashi, yanzu kuma na fi shekara ashirin ina aikin garka a bakin kogi wajen Gamkalle. Ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ne marar albarka ba. Kin ɗauki shuka mafi tsautsayi kin sa ta a wata mafi zafi. Tumatir idan zafin rana ya wuce digiri 35 furensa ba ya kamawa, zubewa yake, ga shi a Yamai cikin Afrilu da Mayu muna wuce 42 ba sau ɗaya ba. Mu da ke da kogi a gabanmu ma wahala muke sha da shi a lokacin, shi ya sa kike ganin tsadarsa a kasuwa daga nan har bayan damina. Sannan baƙar roba a ranar yamma, ki taɓa ta da ƙarfe uku ki ji, saiwar dahuwa take a ciki. Lokacin tumatir shi ne ki yafa iri a ƙarshen Oktoba, ki dasa bayan sati uku zuwa huɗu, ki fara tsinka cikin Janairu. Ajiye shi sai lokacin.

Yanzu ganye za ki shuka. Alayyafo na farko. Shi zafi abincinsa ne, kwana uku zuwa biyar ya tsiro, sati huɗu kin fara yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki cuɗa shi da yashi cikin hannu kafin ki yafa don kada ya taru wuri ɗaya, kuma kada ki binne shi, ɗan barbaɗa masa ƙasa kawai. In za ki ɗiba ki yanke saman ki bar kamar tsawon yatsa huɗu, zai sake tofowa har sau biyu ko uku. Yakuwa ta biyu, kin san ta tun gida, ba sai na gaya miki ba, ƙwaya uku a rami, ki bar biyu. Kuɓewa ta uku, gindi ɗaya a mazubi ɗaya, ki jiƙa irin ya kwana kafin ki shuka. Akwai wadda ake kira Ƙonni, gajera ce, tana saurin haihuwa, kamar kwana 50 zuwa 60. Gindi huɗu ba za su cika miki tukunya a rana ɗaya ba, amma in kina tsinka duk bayan kwana biyu kina tarawa, miyar sati ta samu.

Albasa kuwa, tunda ita ce sana'ar gidanmu, bari in faɗa miki gaskiya: kada ki nemi kai a baranda, wata huɗu zuwa biyar za ki jira don abin da dala ashirin za ta saya miki. Lawashi za ki nema. Duk albasar da ta fara tsiro a kwandonki, maimakon ki yar, ki dasa ta rabi a ƙasa rabi a waje. Kwana goma ganyen ya tashi, kina yanka da almakashi kina sawa a miya ko wainar ƙwai.

Maganar mazubi. Bar ƙananan tukwanen nan, da rana ɗaya suke bushewa. Nemi bidon mai na lita 20 ko 25, mai ruwan ɗorawa, a wanke shi sarai da sabulu. Na alayyafo ki kwantar da shi ki yanke gefe ɗaya, ya zama kamar kwami. Na kuɓewa da yakuwa ki tsayar da shi ki yanke kan, don suna son zurfi. Ki gasa ƙusa ki huda gindin wuri shida ko takwas. Wanda bai huda ba, da ruwan Agusta ya zo saiwar ruɓewa take.

Ƙasar da kika ɗebo wurin gini ba ta da komai, wataƙila ma da siminti a cikinta. Ki haɗa yashi mudu biyu, taki mudu ɗaya, ƙaiƙayin shinkafa mudu ɗaya in kin samu, masu sussuka a Saga suna da shi tuli. Takin shi ne wurin da mutane ke kuskure. Sai wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ba ya wari, in kin murza yana wargajewa. Ɗanyen kashin awaki, balle na kaji, ƙone shuka yake, ya kuma tara miki ƙuda a ƙofar ɗaki. Masu sayar da itatuwan dashe a bakin titi suna da haɗaɗɗiya a buhu, in ba ki son wahala.

Abu ɗaya da barandarki ta yi dace: hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar ɗari ma daga gabas maso arewa, ke kuma kina yamma, gini ya tare miki su. Ranar la'asar ce kaɗai abokiyar gabarki. Ɗaura zana ko tsohon gidan sauro ninki biyu a jikin ƙarfen barandar.

Hajiya ta Wadata

Baba Ɗan Galmi ya gama magana kan ƙasa, Allah ya saka. Ni abin da zan ƙara na zaman bene ne, don shekara shida nake shuka a tawa barandar.

Ƙanwata, kafin ki sa bido ko ɗaya, ki nemi tsofaffin tire ko murfin roba ki sa a ƙarƙashi. Shekarata ta farko ruwan ƙasa ya riƙa ɗiga kan shanyar maƙwabciyata ta ƙasa, sai da muka yi wata ba ma gaisawa da daɗi. Kuma bido cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 30, ki jera su jikin bango, kada ki ɗora komai a kan ƙarfen baranda inda zai faɗo wa yaran mutane. Shida sun ishe ki farawa.

Na'ana'a ki sake ta, ita ce ta fi biyan kuɗinta a gidan da ake shan shayi. Ba a shuka irinta. Sayo ta dala biyar, zaɓi rassa masu ƙwari, cire ganyen ƙasa, tsoma su a kofin ruwa, cikin sati za ki ga farar saiwa, sai ki dasa. Ita kaɗai a mazubinta, don cinye wuri take, kuma a lungun da ya fi inuwa. Ɗoɗɗoya ma haka ake yi mata, ita ta ma fi jure rana, sai dai ki riƙa tsinke furenta.

Ruwa kuwa ban taɓa ɗibar na sha na ba shuka ba. Ina da bokiti ɗaya a madafa, ruwan wankin shinkafa, na wankin kayan miya, da wanda aka tara na alwala duk ciki suke shiga. Wanda ya taɓa omo, gishiri ko mai ba ya shiga. Da asuba nake ba su, da bazara in ƙara bayan la'asar. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki bari. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, za ki ga bambanci. In tafiya ta kama, cika robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, huda murfin da allura, kife ta cikin ƙasar, tana riƙe kwana biyu zuwa uku. Fiye da haka sai ki bar wa wani mabuɗi.

Na yi mamaki da Baba bai ambaci zogala ba. Tawa biyu suna nan cikin bido tun bara, duk sati biyu ina samun na dambu.

Ɗan Galmi

Hajiya, da gangan na bar ta. Zogala itace ce, saiwarta zurfi take nema, a bido ba ta sakewa kamar a ƙasa. Amma tunda taki ta yi, ban musa ba. Ɗiyata in za ki sa, mazubi mafi zurfi, kuma da ta kai ƙugunki ki datse kan, in ba haka ba ta miƙe kamar sanda ta buga rufi, ganye kaɗan a can sama. Mai suna PKM1, wadda aka kawo daga Indiya, ita masu garka da yawa ke shukawa yanzu don yawan ganyenta.

Ɗalibin noma

Gaisuwa ga iyayena. Yaya Maman Nafisa, nannaɗewar ganye da rawayar da kika gani, akwai alamar cutar da farin ƙuda ke kawowa ce. Ƙwaro ne ƙarami fari, yana ɓuya a bayan ganye, in kin girgiza shukar sai ya tashi kamar gari. Gindin da ya kamu ba ya warkewa, tumɓuke shi ake a sa a leda a fitar. Ki riƙa juya ganye kina dubawa sau biyu a sati.

Kada ki sayi maganin feshi na kwalba wajen masu talla, baranda ce, yara na wasa a wurin, ganyen kuma ci za ku yi cikin kwanaki. Ƴaƴan dogon yaro sun isa: a shanya, a ɓare, a daka, gram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulun wanki kaɗan, a fesa da maraice har bayan ganyen. Sau ɗaya a sati, kuma a wanke ganye da kyau kafin a dafa.

Idan Oktoba ta zo, sayi irin tumatir na cikin fakiti a shagon iri, ki duba kwanan watan da ke jiki. Na kasuwa da kika matse, in iri ne mai haɗi, ƴaƴansa ba sa fitowa kamar uwar. Salati, karoti da persi duk na lokacin ɗari ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tonka, wato barkono, tana yi a bido ƙwarai, gindi ɗaya na iya wuce shekara yana haihuwa. In kina son ɗan itace, lemun tsami mai aure cikin rabin ganga shi ne ya fi dacewa, yana fara haihuwa a shekara ta biyu ko ta uku, na ƙwallo kuwa sai ya wuce biyar. Amma da nauyi, ki fara tambayar mai gidan.

Maman Nafisa, Banifandu

Na dawo da labari bayan sati biyar. Baba, Hajiya, ƙanena, Allah ya saka muku da alheri.

Bido shida na samu wajen mai shagon unguwarmu. Biyu alayyafo, ɗaya yakuwa, biyu kuɓewa, ɗaya na'ana'a, albasa kuma na jera ta a tsofaffin tukwanen nan bayan na naɗe su da farin buhu. Jiya na yi yanka na farko na alayyafo, ya cika ƙaramar roba, na haɗa da lawashi muka ci da tuwon masara. Nafisa ce ta riƙe almakashin. Na kira mahaifiyata a Tawa na nuna mata ta waya, ta ce za ta aiko mini da irin yakuwarta ta gida da ƴaƴan zogala in an sami mai zuwa.

Bido ɗaya na alayyafo na yafa iri da yawa, ya fito cunkus siriri, na ciccire na rage kamar yadda Baba ya ce a guji tarawa. Kuɓewa ta kai kamu biyu, ganyenta kore shar. Matsalata yanzu ƙadangaru, ban san suna hawa bene haka ba, sun cinye mini rabin yakuwar tun tana ganye biyu. Na lulluɓe ta da guntun gidan sauro, amma ta fara taɓo shi. Hajiya, ke ya kike yi da su?