Dillali ya taya faya-fayen garmaho da kaset ɗin rediyo na mahaifinmu, mu sayar?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Bayan rasuwar mahaifinmu, muna share ɗakinsa muka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. Faya-fayen garmaho ne 43 a ciki, da kaset 60 da 'yan kai. Faya-fayen iri biyu ne: akwai masu kauri da nauyi, wasu da tambarin karen nan mai leƙa bakin garmaho, wasu an rubuta Decca, akwai kuma manya marasa nauyi na EMI cikin kwalinsu, galibi na Shata. Kaset ɗin kuwa shi da kansa ya riƙa ɗauka daga rediyo, kowanne da rubutunsa na biro: Zaɓi Sonka, tafsirin azumi, labarun BBC. Ɗaya an rubuta "13/2/76" an ja layi biyu a ƙasa.

Na riga na yi ɓarna. Na goge ɗaya daga masu nauyin da auduga da sifirit, sai ga audugar ta yi baƙi ƙirin, fuskar faifan ta yi danƙo. Na kuma saka kaset ɗaya a tsohuwar rikodarsa, ko minti ɗaya bai yi ba ta tauna zaren. Yanzu wani dillali ya taya su duka a dunƙule, wai nan da shekara guda ba za su moru ba. Ƙannena sun ce a sallama a raba kuɗin. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Mai Gyaran Rediyo: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, ɗauke kwalbar sifirit ɗin nan daga ɗakin. Masu nauyin su ne 'yan 78, wato masu juyawa sau 78 a minti, da wani irin ƙaro ake yin su, sifirit kuwa narkar da shi yake yi. Wanda ka goge ya tafi ke nan. Sauran, ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun wanke kwanuka da burushi mai laushi sun isa. Ka bi zagayen layukan, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka ɗauraye ka shanya a inuwa. Ka jera su a tsaye kamar littattafai. In aka jibge su, na ƙasa tsagewa suke.

Rikodar kuma ba laifinta ba ne. Bel ya saki, 'yar robar da ke jan zare ta bushe. Kafin a gyara ta kada ka ƙara saka mata komai. Yau ɗin nan ka karya 'yan kunnuwan da ke saman kowane kaset, don ko yaro ya danna jan maɓalli ba abin da zai goge.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka sayar. Dillalinka faya-fayen yake so, su ke da kasuwa. Amma faifai a kamfani aka buga shi, ko naka ya fashe akwai ɗan'uwansa a wani gida. Kaset ɗin nan fa? A zamaninmu zaren ɗaukar shiri tsada gare shi, shiri na fita sai a goge a ɗora wani a kai, kuma ba a nan kaɗai ake haka ba, har gidajen rediyon Turai. Labarai da gaishe-gaishe kuwa yawanci kai tsaye ake yi, iska ta kwashe. Saboda haka abin da mahaifinka ya ɗauka da 'yar rikodarsa, ta yiwu babu shi ko a gidan da ya watsa. Rediyon Kaduna tun 1962 take magana, Sashen Hausa na BBC tun 1957, amma je ka nemi Zaɓi Sonka guda ɗaya cikakke na shekarun 1970, da sunayen masu gaisuwa da garuruwansu, ka ga wahala.

Mai layi biyun nan ranar Juma'ar da aka kashe Janar Murtala a Legas ce. Ban san me ke ciki ba, kai ma ba ka sani ba. Dillali ma bai sani ba, amma ya fi ka sanin kada ya bar shi.

Ɗan Kasuwa: Ni fa ban ga abin wahala ba. Waƙoƙin Shata sun cika YouTube. A karɓi kuɗi kafin gara ta raba gardama.

Maman 'Yan Biyu: Ɗan Kasuwa, ai ba waƙa kaɗai ake magana ba. Amma ƙanena Ɗan Tudun Wada, ka tuna kayan gado ne, ƙannenka na da haƙƙi. Ku sa mutum biyu da suka san kayan su yi musu kuɗi, ban da dillalin, sai a cire a rabonka. Kada adaka ta raba zumunci.

Ɗan Kwamfuta: Ko za a sayar, a kwafe tukuna. Ka sami rikoda mai lafiya, ka haɗa ta da kwamfuta, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Ka adana a WAV, tsarin fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, ka saita 48 kHz da 24-bit. MP3 na turawa a WhatsApp ne kawai. Kada ka ce za ka cire shuuu ɗin a kwafin farko, bar shi yadda ya zo. Ka ɗauki hoton rubutun Baba na kowane kaset, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Ka yi hattara da masu C120, wato kaset masu minti 120, zarensu ya fi siriri.

Faya-fayen, kada ka ɗora na EMI a garmahon da ake wanawa da hannu, allurar ƙarfe karce su za ta yi. 'Yan 78 ma na'ura mai gudun 78 suke so da allurarsu ta daban, wadda ta fi ta manyan kauri. In ka ga faifan da fatarsa ke ɓarewa, ƙarfe na leƙowa ta ƙasa, wannan yankan situdiyo ne, ko ruwa kada ya gani. Daga baya kana iya tuntuɓar Gidan Arewa a Kaduna ko suna son kwafi.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kunnuwan duk na karye su, na kuma ce wa dillali ya dakata. Yaya, da daddare zan zauna da ƙannena. Amma wanda rikoda ta tauna, zaren ya tsinke. In liƙe da salatif?

Mai Gyaran Rediyo: A'a! Gam ɗinsa tsatsowa yake ya manne zaren da ke kusa. Akwai tef na haɗa zare, ta bayan zaren ake liƙa shi. In kaset ɗin mai kusoshi biyar ne, buɗe shi ba wuya. Wanne ne ma ta tauna?

Ɗan Tudun Wada: Na tafsiri ne. Da mai layi biyun na ɗauko, sai aka kira sallar la'asar na ajiye.