Wace kalmar Hausa ce ta dace da "early termination" a kwantiragin ma'aikacin jirgin ruwa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Masana, ina neman Hausar "early termination" kamar yadda ta zo a Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku ta 2006, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita, ta fara aiki ran 20 ga Agusta 2013. Wasu suna rubuta "kora", ni kuwa hankalina bai kwanta da ita ba.

Barista Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Kora ba ta yi ba sam. Mai jirgi kaɗai ke kora, alhali yarjejeniyar ta ba kowane ɓangare ikon kawo ƙarshen kwantiragi kafin wa'adinsa, muddin ya ba da notis. Kowace ƙasa ita ke tsayar da tsawon notis ɗin ga jiragen da ke ɗauke da tutarta, amma ba a yarda ya gaza kwana 7 ba. Ana iya rage shi ko a yafe shi a yanayin da dokar ƙasar ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ta amince da shi, kuma dole a duba uzurin gaggawa na ma'aikaci, ya sauka ba tare da tara ba. Wanda aka yi wa rasuwa ya sauka, ai ba korarsa aka yi ba.

Kyaftin Sale: To "sallama" fa? Ita ce a bakin mutane.

Barista Rabi: Yallaɓai, sallama tana da wurinta, sai dai ta yi faɗi. Wanda ya cika wa'adinsa lafiya lau ma sallamarsa ake yi. A bar ta ga takardar shaidar aiki da ake ba shi in zai sauka, wadda aka hana a rubuta ingancin aikinsa ko albashinsa a ciki.

Malam Habu: "Soke kwantiragi" ko "warware kwantiragi"?

Kyaftin Sale: Soke tana da haɗari, Malam. In ka ce an soke, mai karatu zai ɗauka kamar ba a taɓa ƙulla shi ba, ke nan gumin ma'aikaci ya bi ruwa. Alhali albashin kwanakin da ya yi da kuɗin hutun da ya tara suna nan daram. Warwarewa kuma ta fi kama da ciniki, inda kowa ya karɓi abinsa a rabu. Ni "katse" na zaɓa: abu yana cikin tafiya aka yanke shi, abin da ya gabata kuma bai rushe ba.

Barista Rabi: Na goyi bayan "katse kwantiragi kafin wa'adi". Amma duk inda aka rubuta ta a faɗi wanda ya katse, don a nan kuɗin komawa gida yake rataye. In mai jirgi ne, shi zai mayar da ma'aikaci gida. In ma'aikaci ne bisa dalili karɓaɓɓe, nan ma mai jirgi ne. Jagorar yarjejeniyar ta lissafa tikiti, masauki da abinci tun daga saukarsa har ya isa, da kaya kilo 30. An hana karɓar kuɗin kafin alƙalami don wannan, an hana cire shi daga albashi, sai in an tabbatar bisa doka cewa ya yi mummunan saɓa sharuɗɗan aikinsa. A nan ake cutar mutane: a sa hannu a takardar da ta ce "na ajiye aiki don raɗin kaina", shi ke nan tikiti ya iya komawa wuyan ma'aikaci.

Kyaftin Sale: Kada kuma a haɗa ta da "yasarwa". Mai jirgin da ya ƙi biyan kuɗin mayarwa gida, ko ya bar mutane ba abinci ba kulawa, ko ya yanke hulɗa har albashin wata 2 ya maƙale, ya yasar da su ne. Tun 18 ga Janairu 2017 inshorar dole ke biyan bashin albashinsu har na wata 4.

Malam Habu: Madalla. Na rubuta "katse kwantiragi kafin wa'adi", notis kuma na bar shi notis.