Manhajoji sun cika mini waya, amma har yanzu aiki yana kuɓuce mini

Jami'ar Gudanarwa ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni gogewa a kan wata matsala da ta daɗe tana hana ni sakat. Ina aiki ne a sashen gudanarwa na wata ma'aikata, kuma ayyuka suna shigo mini ta hanyoyi da yawa: wasu ta imel, wasu ta WhatsApp, wasu ta kiran waya, wasu kuwa shugaban sashenmu ne yake faɗa mini da baki yana tsaye a bakin ƙofa, kafin in ɗauko biro har ya wuce. Ban da waɗannan akwai rubuta bayanan taro, da bibiyar takardun da suke jiran sa hannu, da rahoton ƙarshen wata wanda ba ya kammaluwa sai sauran sassa sun aiko da alƙalumansu.

Da na ga abin ya fi ƙarfin haddata, sai na koma ga kayan aikin zamani. Yanzu haka ina sanya tarurruka a Google Calendar, ina rubuta jerin ayyuka a Todoist, wani abokin aiki ya buɗe mana allo a Trello, ƙananan bayanai kuma ina ajiye su a Google Keep. Duk da haka wa'adi yana wuce ni, domin sau da yawa na san na rubuta abu, amma ban san a wace manhaja na rubuta shi ba. Waya tana ƙara tun safe har dare, ayyukan da suka makara sun taru sun yi ja zur, har na kai ina fargabar buɗe jerin.

Shin akwai manhaja guda ɗaya da za ta ɗauki wannan duka in rabu da sauran, ko kuwa gyaran yana cikin yadda nake amfani da su ne? Na fi son in ji abin da kuka jarraba a aikace. Na gode.

Tsohon Magatakarda ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tambayarki tana cikin bayanin da kika yi da kanki, a inda kika ce kin san kin rubuta abu amma ba ki san inda kika rubuta shi ba. Muddin wuraren ajiya suka kai huɗu, to ba ki yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma zuciyarki za ta ci gaba da riƙe ayyukan da kanta, wanda shi ne nauyin da kika so saukewa tun farko.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1927 Bluma Zeigarnik ta wallafa bincikenta a Jamus, inda ta nuna cewa mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu a kan wanda suka gama. A 2011 kuma Masicampo da Baumeister suka nuna wani abu da ya fi amfani gare mu: ba sai an gama aikin ne tunaninsa yake sakin mutum ba, idan ya tsara takamaiman lokacin da zai yi shi da yadda zai yi shi, tunanin yana lafawa. Ke nan amfanin manhaja shi ne ta riƙe miki shirin da kika amince da shi, ba ta riƙe miki tarin kalmomi ba.

Shawarata ita ce ki rage kayan aikinki su koma biyu, kowanne da aikinsa daban. Kalanda ta abin da yake da rana da sa'a ce, kamar taro da wa'adin miƙa rahoto. Jerin ayyuka kuwa na abin da za ki yi ne idan dama ta samu. Yawancin jan da kike gani a Todoist ya samo asali ne daga sanya wa ayyuka ranar da babu wanda ya gindaya ta, sai fatan da kika yi cewa za ki samu lokaci. Ki cire waɗannan ranakun gaba ɗaya, ki bar ranar gaskiya kaɗai, domin idan kika ga ja ki san lallai akwai abin tashin hankali.

Sai kuma yadda ake rubuta aikin, wanda mutane da yawa suke rainawa. Idan kika rubuta "rahoton wata" kawai, duk lokacin da idonki ya faɗa kansa sai kin sake tunanin daga ina za ki fara, sai ki tsallake shi ki koma ga abin da ya fi sauƙi. Idan kuwa kika rubuta "in kira sashen kuɗi in nemi alƙaluman wannan wata kafin Laraba", to abu ne da za ki iya yi ko kina da minti biyar kafin shiga taro. David Allen, wanda ya fito da tsarinsa na gudanar da ayyuka a 2001, ya jaddada wannan sosai, kuma daga gare shi ne ƙa'idar minti biyu ta shahara: abin da ba zai wuce minti biyu ba, a yi shi nan take, domin rubuta shi da bibiyarsa sun fi yin sa cin lokaci.

Game da hanyoyin da ayyuka suke shigowa, ba za ki iya toshe su ba, amma za ki iya sa duka su zuba wuri ɗaya. Gmail yana da maɓallin mayar da saƙo ya zama aiki a Google Tasks, kuma wanda aka sa wa rana yana fitowa a cikin Google Calendar. WhatsApp kuma tun ƙarshen 2022 ya ba da damar mutum ya aika wa kansa saƙo, don haka idan umarni ya zo a zauren ma'aikata, ki tura wa kanki shi nan take, da yamma kuma ki kwashe abin da ya taru ki zuba a jerinki. Abin da shugaba ya faɗa da baki, ki rubuta shi yana tsaye, ki karanta masa ya ji. Wannan kwashewar ta kullum ita ce ginshiƙin tsarin, ranar da aka daina ta kuwa, ko wace manhaja ce za ta koma juji.

Mai Ƙera Manhaja ta rubuta:

Na yarda da yawancin abin da Malam ya faɗa, sai dai da izininsa ina ganin akwai ɓangaren da ya rage. Tsaftataccen jeri yana hana mantuwa, amma ba ya samar da lokacin yin aikin. 'Yar'uwa ta ce wayarta tana ƙara tun safe har dare, kuma a ganina nan ne babbar ɓarakar take.

A 2009 Sophie Leroy ta wallafa bincike da ya nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yana nan maƙale da na farkon, don haka na biyun ba ya samun cikakkiyar kulawa. Ki kwatanta da abin da yake faruwa idan kina tsakiyar haɗa alƙaluman rahoto, waya ta yi ƙara, kika duba, kika ga tambaya ce a kan ɗakin taron gobe. Ba ki amsa ba, kin ajiye wayar, amma da kika dawo kan allon kwamfuta sai ki tarar kin manta layin da kike, kuma maganar ɗakin taron tana yi miki yawo a rai. Daƙiƙa goma kika duba wayar, asarar kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki taɓa komai ki shiga saitin wayarki ki kashe sanarwar duk manhajar da ba mutum ne yake nemanki ta cikinta ba. Zaurukan WhatsApp ana iya rufe musu baki na awa 8, ko mako guda, ko dindindin. Wayoyin Android suna da Digital Wellbeing tun 2018, iPhone kuma ta zo da tsarin Focus a 2021, kuma dukkansu suna ba da damar a zaɓi mutanen da kiransu zai shigo ko da an rufe sauran. Akwai ma saitin da yake barin kira na biyu daga mutum ɗaya ya shigo, cikin minti 3 a iPhone ko minti 15 a Android, saboda haka mai lalurar gaske ba zai rasa ki ba. Bayan haka ki ware lokuta biyu ko uku a yini na duba imel, ki kuma kama wa rahoto awa ɗaya da rabi a kalanda tamkar taro ne da ba a ɗagawa.

Ban goyi bayan ki watsar da Trello ba, idan dai abokan aikinki suna amfani da shi. Tsarin katunan da ake matsarwa daga layi zuwa layi ya samo asali ne daga kanban, wanda Taiichi Ohno ya bunƙasa a kamfanin Toyota na Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma hikimarsa ita ce ƙayyade yawan aikin da yake hannu a lokaci guda. Mutane suna ɗaukar allon su bar hikimar, sai ka ga kati ashirin a layin "ana kan yi". Ki ƙayyade uku, kada na huɗu ya shiga sai ɗaya ya fita. Ki kuma buɗe layi na musamman domin abin da kike jira daga wasu, kamar takardun sa hannu, kowane kati da sunan wanda ake jira da ranar da aka miƙa masa.

Wasu za su ba ki shawarar tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo, wato aikin minti 25 da hutun minti 5. Yana da kyau ga mai karatu ko rubutu shi kaɗai, amma ban ga dacewarsa da ofishin da ake shigowa kowane lokaci ba.

Ma'ajin Bayanai ya rubuta:

Ƙarin da zan yi gajere ne. Duk manhajar da kika zaɓa, Malama, ki fara tabbatar da cewa za ki iya fitar da bayananki daga cikinta. Wunderlist tana cikin manhajojin jerin ayyuka da suka fi farin jini, Microsoft ya saye ta a 2015, aka kuma rufe ta a watan Mayun 2020, masu amfani da ita suka koma Microsoft To Do ko wata daban. Google Calendar yana fitar da fayil na ICS, Todoist kuma na CSV, kuma ya kamata a riƙa ajiye kwafi lokaci zuwa lokaci.

Na biyu, bayanan taro da takardun ma'aikata amana ce. Kafin ki zuba su a asusunki na kanki, ki binciki ƙa'idar ma'aikatarku, ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida kamar lambar da ake turowa waya bayan an shigar da kalmar sirri, domin kalmar sirri kaɗai ba ta wadatar ba.

Jami'ar Gudanarwa ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan tsaya a kan kalanda da jeri ɗaya, allon Trello kuma ya zama na aikin haɗin gwiwa kawai. Saura abu ɗaya da yake damuna: idan na kama wa rahoto lokaci a kalanda, sai shugaba ya shigo da wani aiki ya ce na gaggawa ne, ba ni da ikon cewa a'a. Yaya ake yi tsarin ya ɗore a irin wannan hali?

Tsohon Magatakarda ya rubuta:

Tambayar tana da muhimmanci, Malama, kuma na ji daɗin gyaran da 'yar'uwarmu mai ƙera manhaja ta yi mini, domin ƙayyade katunan da ta ambata shi ne zai taimake ki a nan.

Da farko, kada ki cika kalandarki maƙil. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa ɗan Adam yakan raina tsawon lokacin da aikinsa zai ci, kuma a wani bincike da aka wallafa a 1994, ɗaliban jami'a a Kanada sun yi hasashen za su gama kundin bincikensu cikin kimanin kwana 34, amma a zahiri sai da suka kwashe kimanin kwana 55. Idan haka abin yake ga aikin da mutum ya sani, ina ga wanda bai zo ba tukuna? Tunda aikin ba-zata wani ɓangare ne na kujerarki, ki ware masa gurbinsa a kowace rana, ki bar kusan sulusin yininki babu komai a ciki. Ranar da bai zo ba, sai ki jawo wani abu daga jeri.

Na biyu, ba a ce ki ce wa shugaba a'a ba, kuma ba na ba ki wannan shawarar. Abin da za ki yi shi ne ki juyo masa da allon kwamfutarki cikin ladabi, ya ga katuna uku da suke hannunki da wa'adin kowannensu, ki ce: "Ranka ya daɗe, zan fara wannan yanzu. Daga cikin ukun nan, wanne kake ganin ya jira zuwa gobe?" Yawancin shugabanni ba mugunta ce take sa su tara wa mutum aiki ba, ba sa ganin abin da yake gabansa ne, sun kuma manta abin da suka ba shi jiya. Idan ya zaɓi wanda zai jira, ki matsar da katin a gabansa, ki sauya ranar a kalanda, sannan ki aika masa da gajeren imel mai layi biyu da yake tabbatar da abin da aka tsayar. In zai yiwu ki buɗe masa damar ganin kalandarki ta aiki, Google Calendar yana da zaɓin nuna lokutan da kike da aiki kawai ba tare da bayyana abin da ke ciki ba, ko kuma nuna cikakken bayani, sai ki zaɓi wanda ya dace da tsakaninku.