Noma, kiwon dodanni da faɗa a wasa ɗaya: shin Rune Factory 4 ya cancanci saye?

Bakatsine:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka buga Rune Factory 4 Special, domin ina so in saye shi a Steam, wato kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, amma zuciyata ba ta kwanta ba tukuna. An ce mini a cikinsa mutum yana noma, yana kiwon dodanni, sannan yana ɗaukar takobi ya shiga daji da koguna ya yi faɗa. Abin da nake tsoro shi ne taura biyu ba ta taunuwa, kada noman ya zama aikin gajiya kawai, faɗan kuma ya zama na jeka-na-yi-ka. Shin ɓangarorin biyu suna da alaƙa ta gaske, ko kuwa an liƙa su ne kawai don a ce wasan yana da yawa?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, amma a wannan wasa ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina shi. Akwai ma'aunin ƙarfi guda ɗaya da ake kira RP, wanda yake raguwa idan ka yi huɗa da fartanya, ko ka yi ban ruwa, ko ka sare itace, kuma shi ne dai kake kashewa a kan sihiri da manyan dabarun yaƙi. Saboda haka kowace safiya dole ka yanke shawarar nawa za ka bai wa gona, nawa kuma za ka ajiye wa daji.

Nan ne dodannin suke shigowa. Idan ka gina musu barga, kana iya rarrashin dodon da dā yake kai maka hari ta hanyar shafa masa buroshi da ba shi abin da yake so, har ya biyo ka gida. Wooly yana ba da ulu, Buffamoo madara, Cluckadoodle ƙwai, kuma idan suka saba da kai kana iya sa su ban ruwa da girbi, sai ƙarfin da ka saba zubarwa a gona ya koma fagen fama. Amma kiwon ba kyauta ba ne, domin sai ka shuka musu ciyawa, kuma wanda yake aikin gona yana gajiya har ya buƙaci hutu. Madarar da ƙwan da kabejin da ka noma su ne kake dafawa su zama abincin da zai ƙara maka juriya gaban babban dodo, ƙahoni da fatu da ma'adinan da ka samo a daji kuma su ne kake kaiwa maƙera ka inganta makami da fartanyar kanta. A ganina wannan zagaye shi ne ruhin wasan, kuma ban ga wani da ya ɗaure shi da kyau kamar haka ba.

Yar Zinder:
Malam ya faɗi gaskiya game da tsarin, sai dai ina ganin ya kamata a gaya wa mai tambaya inda wasan yake da rauni. Asalinsa na ƙaramar na'urar wasa ta hannu Nintendo 3DS ne, ya fito a Japan a 2012, kuma ko da aka sabunta shi zanensa bai ɓoye shekarunsa ba. Faɗan yana da sauri da daɗi, akwai gajeren takobi da dogo, da mashi, da gatari, da takubba biyu, da dambe, amma sau da yawa ingancin kayan da ka ƙera ne yake ba ka nasara, ba gwanintar hannunka ba. Wanda yake neman faɗa irin na wasan farautar dodanni Monster Hunter zai ga wannan ya yi masa sauƙi. Haka kuma wasu abubuwan da ke faruwa a garin Selphia, inda ɗan wasa yake zaune, ba su da lokaci tsayayye, sai mutum ya yi ta jira, ga kuma karatun Turanci mai yawa, musamman a farko.

Bakatsine:
Na gode ƙwarai, Malam da 'yar'uwa. To yaya yake idan aka kwatanta shi da Palworld, wanda abokaina suke ta yabo?

Malamin Lissafi:
Palworld, wanda kamfanin Pocketpair ya fitar a Janairun 2024, ya fi faɗin fili da kyan gani, yana da bindigogi, kuma ana buga shi tare da abokai ta intanet. Sai dai a can halittun sun fi zama ma'aikata a sansani, noman kuma bai da zurfi, alhali a Rune Factory 4 ƙasar gonar ma tana gajiya idan aka matsa mata da shuka, kowane yanayi na kwana 30 yana da amfanin da ya fi dacewa da shi, guguwa kuma tana iya lalata maka aiki a dare ɗaya. Palworld yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, shi kuwa wannan mara nauyi ne kuma ba ya cin data bayan an sauke shi. Idan ka saya, ka gaggauta gina bargar farko, ka fara da Wooly da Buffamoo kafin ka nufi manyan dodanni.