Abin da na tsinta a hirarmu kan rigakafin yara

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Ƙofar Marusa aka yi ta gardama kan yadda za a auna amfanin rigakafin yara lokacin annoba, wani yayanmu ma'aikacin lafiya ne ya warware mana. Yace kar a tsaya ƙirga rasuwa kawai, a kwatanta yaran da aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba, su wa suka fi kwanciya asibiti, sannan a sa da jinjirin da bai isa allura ba amma ya tsira saboda yayyensa ba su kwaso cutar sun kawo gida ba, wallahi wannan ya fi taɓa ni don matata goyo gare ta.

Ya tuna mana mashaƙon 2023 da ya addabi Kano, Yobe da nan Katsina, yawancin yaran da suka kamu rigakafinsu bai cika ba. Ƙyanda kuwa sai kusan 95 cikin 100 sun samu allura kafin gari ya samu kariya.

Shawara dai a zaro katin yaro a duba, penta (allurar da ke kare yaro daga cututtuka biyar har da mashaƙo) sati 6, 10 da 14, ta ƙyanda wata 9 da 15, kyauta ne a asibitin gwamnati. Ɗan zazzaɓin bayan allura kar ya hana komawa.